Babi na Biyar: Wa Ke Ganin Wa? Yadda Saƙon Imel Guda Ke Isa ga Mutane da Yawa

Duk wanda ya taɓa buɗe Gmail ko Yahoo ko Outlook don ya rubuta saƙo ya ga gurabe uku a saman shafin. Na farko an rubuta masa To, na biyu Cc, na uku Bcc. A waya, biyun ƙarshe kan kasance a ɓoye, sai an taɓa 'yar alamar da ke gefe sannan su fito. Wanda wayarsa ke kan Faransanci, kamar yadda aka saba a Nijar, zai ga À da Cc da Cci. Akasarinmu gurbin farko kaɗai muka sani. Mu zuba adireshi ɗaya ko hamsin, mu danna, saƙo ya tafi. Kuma lalle yana tafiya. Ko a wane gurbi ka sa mutum, saƙon zai same shi, da rubutu iri guda, da duk takarda ko hoton da ka liƙa masa.

To in haka ne, me ya sa aka raba su uku? Dalili shi ne guraben nan ba don isar da saƙo aka yi su ba. An yi su ne don mutane. Su ke nuna wanda ake magana da shi, da wanda aka sa ya zama shaida, da wanda aka ɓoye. Su ne kuma ke yanke hukuncin wanda zai ga adireshin wani. Wanda ya gane wannan ya huta da rabin matsalolin imel a wurin aiki. Wanda bai gane ba kuwa yana iya tona asirin mutum ɗari da yatsa guda, alhali bai nufi kowa da sharri ba.

Daga takardar kabon zuwa allon waya

Haruffan Cc gadon tsofaffin ofisoshi ne, ma'anarsu kwafin kabon. Takardar kabon ita ce siririyar takardar nan mai shuɗi ko baƙin shafe a gefe guda, wadda har gobe ake sa ta a tsakanin ganyen littafin rasit a shaguna da tashoshin mota. Mai shago ya rubuta a sama, rubutun ya fito a ganyen ƙasa, ya yage na sama ya ba ka, ya bar wa kansa ɗaya. Wani ɗan Ingila mai suna Ralph Wedgwood ne ya yi rajistar ƙirƙirarta a shekarar 1806. Amma ba ta samu karɓuwa sosai ba sai da tafireta ta shigo kasuwa, bayan kamfanin Remington na Amurka ya fara sayar da tasa a 1874. Haruffan tafireta na ƙarfe ne, suna dukan takarda da ƙarfi, don haka bugu ɗaya kan ratsa ganye uku ko huɗu.

Ga yadda akawu ke yi a wancan zamani. Zai ɗauko farar takarda mai kan ofis ya sa a sama, ya bi ta da kabon, ya sa siririyar takarda, ya ƙara wani kabon, ya ƙara wata siririyar, sannan ya daidaita bakinsu a kan tebur ya murɗa su cikin tafireta. In ya yi kuskuren harafi ɗaya, sai ya bi ganyen ɗaya bayan ɗaya yana gogewa. Ganyen farko ya fito tas, na biyu da dama-dama, na uku kuwa sai an ƙura ido. In ya gama, sai ya buga cc a can ƙasa ta hagu, ya jera sunayen waɗanda za a kai wa kwafi: sakatare, ma'aji, fayil. Ofisoshin ƙasashe masu amfani da Faransanci ma suna da irin wannan jeri a ƙasan takardun gwamnati. Amfaninsa shi ne mai karɓar wasiƙa ya san ba shi kaɗai ya ji maganar ba.

Wani lokaci kuma mai gida kan so a kai wa wani kwafi ba tare da mai wasiƙar ya sani ba. A nan akawu zai zare ganyen sama tukuna, ya bar na ƙasa a cikin tafireta, sannan ya buga sunan mutumin a kansu kaɗai. Asalin wasiƙar ta tafi ba sunan, kwafin ofis kuma yana ɗauke da shi. Wannan shi ne ɓoyayyen kwafi, Bcc ke nan.

Injin hoton takardu na Xerox da ya fito a 1959 shi ya fara rage wa kabon kasuwa. Amma haruffan ba su mutu ba. A 1971 wani injiniya mai suna Ray Tomlinson ya aika saƙon imel na farko daga wata kwamfuta zuwa wata a kan ARPANET, wato kakar intanet ta yau, shi ne kuma ya zaɓi alamar @ don raba sunan mutum da sunan na'urarsa. Waɗanda suka zauna tsara wa imel ƙa'ida mutanen ofis ne, da takardun ofis suka saba. Don haka suka kwaso fasalin takardar sanarwa ta ofis yadda yake: daga wane, zuwa ga wane, kwafi ga wane, kan magana, kwanan wata. Ƙa'idar da aka fitar a 1977 mai lamba RFC 733 ta ƙunshi Cc da Bcc, haka ma wadda David Crocker ya rubuta a 1982 mai lamba RFC 822. An sabunta ta a 2001, aka sake sabuntawa a 2008, amma guraben nan uku suna nan daram.

Bambanci ɗaya ne babba. A takarda, kwafi ba ya kai asali kyau. A imel kuwa babu asali babu kwafi, abin da na farko ya samu shi na hamsin zai samu, ba ragi ba ƙari.

Ambulan daban, wasiƙa daban

Don a gane yadda ɓoyayyen kwafi ke yiwuwa, sai an san cewa kowane saƙon imel adireshi kashi biyu yake ɗauke da shi. Akwai wanda ke rubuce a kan wasiƙar, wanda kake gani in ka buɗe saƙo. Akwai kuma wanda ke kan ambulan, wanda ba ka gani. Masu tsara imel da kansu suka kira shi ambulan, domin aikinsa ke nan: ma'aikacin gidan waya da abin da ke bayan ambulan yake aiki, ba ya buɗe wasiƙa ya duba wa aka gaisar a ciki.

Mu ɗauki misali. Sakataren wata ƙungiyar manoma zai aika rahoton kuɗi. Ya sa shugaba a gurbin To, ma'aji a Cc, mai binciken kuɗi kuma a Bcc. Shugaba yana Gmail, ma'aji yana Yahoo, mai bincike yana amfani da adireshin ofishinsu. Da sakatare ya danna, wayarsa za ta miƙa saƙon ga babbar kwamfutar da ke karɓa da rarraba saƙonni, wadda ake kira saba. Suna magana ne da wani tsari mai suna SMTP, wanda Jon Postel ya rubuta ƙa'idarsa a 1982. Hirar tasu gajera ce, kuma a jere take. Waya za ta fara faɗin wanda ya aiko. Saba ta ce ta ji. Sai waya ta ambaci adireshin shugaba a matsayin mai karɓa, saba ta amsa. Ta ambaci na ma'aji, saba ta amsa. Ta ambaci na mai bincike, saba ta amsa. Dukansu uku da kalma iri guda aka ambace su, ba a ce wannan To ne wancan Cc ne ba. Wannan jerin shi ne ambulan. Sai bayan an gama shi ne ake miƙa wasiƙar kanta, mai ɗauke da layin To da layin Cc da kan magana da rubutun. Layin Bcc kuwa ana cire shi kafin wasiƙar ta isa hannun shugaba da ma'aji.

Daga nan saba za ta duba abin da ke bayan alamar @ a kowane adireshi, ta nemi sabar da ke karɓar saƙonnin wannan gida, ta aika wa Gmail kwafi, Yahoo kwafi, ofishin mai bincike kwafi. Shi ya sa sakatare bai kashe data sau uku ba, sau ɗaya ya aika, saba ce ta ninka. Shi ya sa kuma in adireshi ɗaya ba daidai ba ne, sauran biyun za su samu nasu, sai dai a dawo wa sakatare da sanarwar cewa wancan bai shiga ba.

Shugaba zai buɗe ya ga sunansa da na ma'aji. Ma'aji ma haka. Ba wanda zai ga mai bincike a cikinsu, domin sunansa a kan ambulan kawai yake, ambulan kuma ba ya shiga akwatin kowa. Shi mai binciken zai ga sunan shugaba da na ma'aji. Da sakatare ya ɓoye mutum goma, a manyan manhajojin da aka saba da su babu wanda zai ga ɗan'uwansa a cikin goman.

Wannan rabuwa ta ambulan da wasiƙa ita ce ke bayyana wani abu da kan ɗaure wa mutane kai. Saƙo ya faɗo akwatinka, ka duba gurbin To ka ga sunan wani can daban, ko ka gan shi fayau. Ba ɓatan hanya saƙon ya yi ba, sunanka na kan ambulan. Masu tallan banza da 'yan damfara sun daɗe da sanin wannan, don haka in saƙo ya zo maka daga wanda ba ka sani ba, ba sunanka a sama, yana kuma neman kuɗi ko lambar sirri, to ka san dubban mutane aka jefa wa shi tare da kai.

Ya kamata kuma a san iyakar ɓoyon. Bcc yana ɓoye mutum ne daga sauran masu karɓa kawai. Kwafin da ya rage a akwatin mai aikawa yana nuna kowa da kowa. Sabar da ta rarraba saƙon ma ta san kowa, kuma a imel na wurin aiki masu kula da kwamfutocin ofis suna iya duba wannan bayani.

Abin da kowane gurbi ke faɗa

Tun da isarwa ɗaya ce, zaɓen gurbi magana ce kake yi da mutane. Wanda ka sa a To kana ce masa: da kai nake, kai nake jira ka amsa ko ka yi wani abu. Wanda ka sa a Cc kana ce masa: ka sani kawai, ba sai ka ce komai ba. In ka zuba mutum takwas a To kana neman a yi aiki guda, kowa zai ɗauka wani zai yi, aikin ya kwana. Gara ka sa wanda aikin ke wuyansa a To shi kaɗai, sauran su koma Cc.

Cc yana da amfani ƙwarai. Ma'aikacin da zai tafi hutu ya sa wanda zai riƙe masa aiki, don magana kada ta yanke. Ɗan kasuwa ya tura wa mai kaya sharuɗɗan ciniki, ya sa abokin haɗin gwiwarsa don a samu shaida. Ɗalibi ya aika wa malaminsa babin bincike, ya sa malami na biyu. Amma yana da ɗaci in an yi amfani da shi ba bisa ƙa'ida ba. Ka tuna wa abokin aikinka wani ɗan abu da ya manta, sai ka sa shugabanku a Cc tun a saƙon farko. Kai a ganinka ka kyauta tsari. Shi kuwa abin da ya gani shi ne ka kai ƙararsa kafin ka yi masa magana. Ɓacin ran da irin wannan ke haifarwa kan daɗe fiye da matsalar da ta jawo shi. Ka fara yi masa magana shi kaɗai. In abin ya ƙi, sannan ka sa na gaba, ka kuma faɗa a cikin saƙon cewa ka sa shi.

Shi kuwa Bcc, fuska biyu gare shi. In ka yi amfani da shi don wani ya laɓe ya ji abin da kake gaya wa wani, to ka shiga gonar da ba ta da kyau, kuma asiri kan tonu cikin sauƙi. Ya isa wanda ka ɓoye ɗin ya danna maɓallin amsa wa kowa, wanda aka rubuta wa Reply All. Amsarsa za ta je wa duk wanda ke To da Cc, su ga mutumin da ba su san yana wurin ba yana sa baki. In kana son wani ya ga saƙo a asirce, ka aika saƙon tukuna, sannan ka tura masa daban. Fuskarsa mai kyau kuwa ita ce kare mutanen da ba su san juna ba: gayyatar taro, sanarwa ga iyayen yara, saƙo ga masu sayen kayanka. A nan sai ka sa adireshinka a To, kowa da kowa ya tafi Bcc.

Wannan dabara tana kuma toshe wata fitina. In mutum 200 suna To ko Cc, talatin daga cikinsu suka amsa wa kowa da "mun gode" ko "a cire ni", an haifi saƙo 6,000 ke nan. Ranar 14 ga Nuwamba 2016 wani saƙon gwaji ya kuɓuce ya tafi ga ma'aikata kusan 840,000 na hukumar lafiya ta Ingila, NHS. Mutane suka yi ta amsa wa kowa suna roƙon a daina amsa wa kowa. Cikin abin da bai kai awa ɗaya da rabi ba aka samu saƙo kusan miliyan 500, imel ɗin asibitoci ya yi ta jan ƙafa a ranar.

Lokacin da kuskuren gurbi ya zama bala'i

Wani zai ce, adireshin imel ne fa kawai, mene ne a ciki? Abin da ke ciki shi ne yawancin adireshi suna ɗauke da cikakken sunan mai shi, wani har da wurin aikinsa. Kuma zaman sunan mutum a cikin wani jeri kansa labari ne.

A watan Satumba na 2015, wani asibitin kula da masu cutar ƙanjamau a Landan, mai suna 56 Dean Street, ya aika wa masu zuwa wurinsa sanarwar da ya saba aikawa. Ma'aikaci ya zuba adireshi 781 a gurbin To maimakon Bcc. A cikinsu 730 suna ɗauke da cikakken suna. Babu wani sirri a cikin rubutun sanarwar, jerin sunayen shi ne sirrin. Kowa ya ga kowa, wasu suka gane mutanen da suka sani. Hukumar kare bayanai ta Birtaniya, ICO, ta ci hukumar asibitin tarar fam 180,000 a 2016, amma tara ba ta goge suna daga idon wanda ya riga ya gani.

Wanda ya fi wannan muni ya faru ne a 2021. Bayan Taliban sun karɓe Kabul a watan Agusta, akwai 'yan Afganistan da suka yi wa sojojin Birtaniya aiki, irin su tafintoci, waɗanda ke ɓoye suna jiran a fitar da su. Ranar 20 ga Satumba, wani sashe na Ma'aikatar Tsaron Birtaniya ya aika musu saƙo ta gurbin To, bayanan mutum 245 suka bayyana ga juna. A cikinsu 55 har da ɗan hoton da ke manne da adireshinsu. Mutum biyu suka amsa wa kowa, ɗaya ma ya faɗi inda yake. Da jerin nan ya faɗa hannun da bai dace ba, rayuka ne a kan layi. Sakataren tsaro na lokacin, Ben Wallace, ya nemi afuwa a gaban majalisa, sannan a Disamba 2023 aka ci ma'aikatar tarar fam 350,000. Daga cikin gyaran da suka yi akwai dokar cewa sai mutum na biyu ya duba kafin a aika saƙo ga jama'a da yawa a waje.

Waɗannan ba mugaye ba ne, ba kuma jahilai ba. Ma'aikata ne masu gaggawa, yatsa ya sauka a gurbin da ke kusa. Saboda haka ne hukumar ICO ta ba da shawara a 2023 cewa in bayanin mai nauyi ne, kada ma a dogara da Bcc, domin mantuwa ɗaya ta isa ta rusa komai. Gara a yi amfani da tsarin da ke aika wa kowane mutum saƙonsa shi kaɗai, wanda Outlook da manhajojin aika sanarwa suke da shi.

Darasin ya shafe mu kai tsaye. Ƙungiyar agaji da ke tallafa wa matan da aka ci wa zarafi, bankin da ke tuna wa masu bashi, makarantar da ke rubuta wa iyayen da ba su biya kuɗi ba, kamfanin da ke sanar da waɗanda ba su samu aiki ba, duk jerin sunayensu amana ne. A wurin da mutane suka san juna, suna ɗaya ya isa a gane gidan su mutum da zuriyarsa. Doka ma ta shigo ciki. Gana ta yi dokar kare bayanan mutane a 2012, Nijar a 2017, Najeriya kuma a watan Yunin 2023, dokar da ta tsayar da hukumar NDPC, ta kuma wajabta wa ma'aikatu su sanar da ita cikin awa 72 in bayanan mutane suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da su.

Kafin ka danna

Magana zarar bunu ce, saƙon imel ma in ya fita ya fita. Maɓallin fasa aikawa na Gmail jinkirta saƙon kawai yake yi, na daƙiƙa 5 zuwa 30, gwargwadon yadda ka saita. Ka je ka mai da shi 30 tun yau. Janye saƙo a Outlook kuma a tsakanin ma'aikatan gida ɗaya yake aiki, ba ya bin saƙo zuwa Gmail ko Yahoo ya dawo da shi.

Don haka gyaran a gaba yake. Ka rubuta saƙonka ka gama, ka liƙa takardunka, sannan ka cika guraben adireshi a ƙarshe. Ka lura da sunan da manhaja ke cika maka da kanta, domin Musa biyu ko Hauwa uku a cikin wayarka ba abin mamaki ba ne. In masu karɓa sun wuce 'yan kaɗan, ka tambayi kanka abu biyu: shin mutanen nan sun san juna? Shin kowannensu zai yarda sauran su san yana cikin wannan jeri? In amsar ɗaya daga ciki a'a ce, to Bcc, ko kuma kowa da nasa saƙon. In za ka amsa, ka duba sama ka ga su wa za su ji ka. In za ka tura wa wani tsohon saƙo, ka goge jerin adireshin da ya biyo shi a ciki. In kuma a ofis ne, saƙon na jama'a da yawa ne, ka kira wani ya leƙa allon kafin ka danna.

In kuskuren ya riga ya auku, kada ka yi shiru kana fatan ba a lura ba. Ka sanar da shugabanka nan take, ka rubuta wa mutanen ta Bcc ka gaya musu abin da ya faru, ka roƙe su su goge saƙon kada su amsa wa kowa. Mutumin da adireshinsa ya fita yana da haƙƙin ya sani da wuri, don ya san matakin da zai ɗauka. Adireshin nan shi ya ba ka don ka same shi, bai ba ka don ka raba wa wasu ba.